Mudun ƙidaya ko mudun manufa: da wanne za a auna binciken tarihi da harshen zango?

Ƙungiyarmu ta 'ya'yan zango da suka yi boko a nan Accra ta daɗe tana tara ɗan abin da ya samu, wannan sidi hamsin, wancan sidi ɗari, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Bana aka yanke shawarar ware wani kaso a riƙa bai wa mutum ɗaya duk shekara, ya yi bincike a kan tarihinmu, ko harshenmu, ko waƙoƙinmu, ko rubuce-rubucen malamanmu. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Za su isa kuɗin mota zuwa Salaga da Kete-Krachi, da na'urar ɗaukar murya, da ɗan hasafin wanda zai kwafe hira a takarda. Aka naɗa mu mu biyar mu zaɓi wanda za a ba. Muka zauna a wani gida a Mamobi bayan la'asar, kafin a kira magariba mun gano cewa ko a kan ma'anar “aiki mai kyau” bakinmu bai zo ɗaya ba.

Mutum uku suka nema. Na farko matashin malamin jami'a ne, yana da maƙaloli tara da Turanci, shida daga ciki a mujallun da Scopus, babban rumbun da ke tantance mujallun bincike na duniya, ya san da zamansu, duk a kan yadda samarin Nima ke cakuɗa Hausa da Turanci da Twi a magana. Ta biyu malamar sakandare ce. Shekara huɗu ke nan tana bin tsofaffin mata a Sabon Zango da Sukura tana ɗaukar muryarsu, waƙoƙin biki da na reno, da labarin yadda gidaje suka watse lokacin korar baƙi da gwamnatin Ghana ta yi a 1969. Maƙala ɗaya tak ta buga, amma takan sa wasu hirarrakin a rediyo da izinin masu su. Na uku malamin zaure ne da ya gaji adaka cike da takardun kakansa, ajami da Larabci. Ya jera su ɗaya bayan ɗaya a littafin rubutu: wa ya wallafa, wa ya kwafa, warƙa nawa, ina gara ta ci. Bai taɓa aika wa wata mujalla komai ba.

Shugabanmu, dattijon da ya yi ritaya daga aikin banki, ya dube ni ya ce, “Dakta, ku a jami'a ba ƙirgawa kuke yi ba? A ƙirga. Wanda ya fi yawa a ba shi, mu tsira daga bakin mutane.”

Mma Hajiya, wadda mahaifinta fataucin goro ya yi, ta gyara mayafi ta ce, “Alhaji, goro ma da ake ƙirgawa ɗari-ɗari a ƙwarya, ai sai an duba marsa ne ko minu kafin a yi ciniki.”

Kowannensu ya riƙe gefen gaskiya, shi ya sa na ga ya dace in baje maganar a faifai. Zaɓin nan ba mu kaɗai ya tsaya wa a gaba ba. Yana gaban duk wata ƙungiya a unguwannin Aboabo ko Asawase na Kumasi da ke son tallafa wa bincike, yana gaban kwamitocin ƙarin girma a jami'o'i, yana kuma gaban matashin malamin da ke lissafin inda zai zuba ƙuruciyarsa. Maganata kuma a kan fannonin nazarin ɗan'adam take, wato tarihi, harshe, adabi, falsafa da addini. Masu ɗakin gwaje-gwaje suna da tasu damuwar daban.

Bari in fara da mudun da Alhaji ya nema. Kayan ƙidaya uku aka fi sani. Akwai yawan maƙaloli a mujallun da manyan rumbuna biyu suka karɓa, Scopus na kamfanin Elsevier da aka buɗe a 2004, da Web of Science na kamfanin Clarivate. Akwai makin tasirin mujalla, wanda Eugene Garfield ya fara kawo tunaninsa a 1955, aka shiga fitar da shi shekara-shekara daga tsakiyar shekarun 1970. Lissafinsa ba wuya: a ɗauki abin da mujalla ta buga a shekaru biyun da suka wuce, a ƙirga sau nawa aka ambace shi bana, a raba da yawan maƙalolin. Sai lambar h, wadda masanin fiziya Jorge Hirsch ya ƙago a 2005. In kana da maƙaloli goma da aka ambaci kowacce aƙalla sau goma, lambarka goma ce.

Ba zan raina wannan mudu ba, don na ga ranarsa. Ɗan zangon da ya samu koyarwa a jami'a galibi ba shi da kawu a majalisar jami'ar, ba shi da abokin makarantar kwana a kwamiti. Wani lokaci ma sunansa kaɗai ya isa a tambaye shi ko ɗan ƙasa ne. Irin wannan mutum lamba ce gatansa. In ƙa'ida ta ce maƙala kaza ake bukata kafin a zama babban malami, ya kawo kazan nan ya ajiye a tebur, mai son danne shi sai ya nemi hujja. Ga kuma sauƙi. Sakataren kwamiti zai iya gama lissafin a awa guda, lambar kuma ita ce ita ko a Legon, mazaunin Jami'ar Ghana, aka karanta ta, ko a Kano, ko a Landan. Duk wanda zai yi jifa da ƙidaya, ya fara tanadar abin da zai kare marar gata, in ba haka ba ya mayar da mu hannun wa-ka-sani.

Matsalar ita ce an yanka rigar ne a jikin wasu, aka ce kowa ya sa. Masanin ƙwayoyin halitta yana rubuta gajeruwar maƙala da Turanci, cikin watanni takwarorinsa sun fara ambatonta. Masanin tarihi kuwa zai iya shafe shekara bakwai ko goma a kan littafi ɗaya, littafin ya yi shekara biyar kafin a fara muhawara a kansa, sannan ya yi shekara arba'in ana komawa gare shi. Tagar shekara biyu ba ta hango wannan. Shi kansa kamfanin Clarivate bai fara bai wa mujallun da ke rumbunsa na fasaha da nazarin ɗan'adam makin tasiri ba sai a 2023. Lambar h kuma tana da rufi: wanda ya rubuta manyan littattafai uku kacal, ko duniya ta ambace su sau dubu, lambarsa ba za ta wuce uku ba.

Sai batun harshe, wanda ya fi ci mini rai. Rumbunan nan biyu sun karkata ga Turanci da mujallun Turai da Amurka. Maƙalar da aka rubuta da Hausa aka buga a Kano ko Zariya ko Sakkwato, wadda duk ɗalibin Hausa zai karanta, kusan ba ta da nauyi a wannan sikeli. Dandalin AJOL, da ya fara aiki a 1998, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, da yawa daga cikinsu kuma ba sa cikin ko ɗaya daga rumbunan. Abin da ke biyo baya shi ne mai bincike ya sauya tambayarsa. Na sha ganin ɗalibi ya shigo ofishina da tambayar da ke cin sa tun yana yaro, misali yadda aka yi Hausar Gaana ta bar bambanta namiji da mace a wasu kalmomi, ko yadda makarantun allo suka rikiɗe zuwa makarantun Larabci da Turanci, ya fita da tambayar da editan wata mujalla a Ingila zai saya. Aikin zai fito tsaf, a ambace shi, amma kakarsa da ta ba shi labarin ba za ta taɓa jin abin da ya samo ba.

Kuma duk abin da aka mayar abin ƙirgawa, mutane za su nemi hanyar yawaita shi. A yanka bincike ɗaya gida uku. In sa sunanka a tawa, ka sa sunana a taka. A biya mujallar bogi ta buga cikin mako biyu ba wanda ya karanta. A Afirka ta Kudu, inda gwamnati ke bai wa jami'o'i kuɗi bisa yawan abin da malamansu suka buga, binciken Johann Mouton da Astrid Valentine na 2017 ya gano sama da maƙaloli 4,000 da aka buga tsakanin 2005 da 2014 a mujallun da ake zargin na bogi ne. Mujallun ƙwarai ma wasunsu sukan nemi dala dubu biyu ko uku kafin su buɗe maƙala kowa ya karanta kyauta. Mayar da wannan zuwa sidi ka kwatanta da albashin ƙaramin malami.

Misalin da ya fi taɓa ni yana nan kusa, a Legon. An kafa Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a 1961, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a hukumance a watan Oktoban 1963, yana kira da a yi nazarin tarihi da harsuna da fasahar Afirka da idon Afirka. A shekarun nan ne cibiyar, a zamanin masana tarihi irin su Thomas Hodgkin da Ivor Wilks, ta tara ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami daga hannun malamai. Wanda ya sha ƙurar hanya a aikin shi ne Alhaji Usmanu Boyo, da ya bi gari-gari, zaure-zaure, yana neman malamai su ba da aron takardunsu a kwafa a mayar musu. Ta wannan taska ce masu bincike da dama suka kai ga waƙoƙi da wasiƙun Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Digiri nawa aka yi, littafi nawa aka rubuta a kan abin da Alhaji Boyo ya tattaro? Ɗora shi a mudun ƙidaya ka ga, kusan babu abin da zai nuna. Malamin zauren da ya nemi tallafinmu irin wannan aikin yake yi.

Ɗaya mudun, wanda nake kira mudun manufa, ya taso ne daga ƙorafin masana da kansu. A watan Disambar 2012 wasu editoci da masu bincike suka haɗu a San Francisco suka tsara sanarwar da ake kira DORA, aka fitar da ita a 2013. Babban kiranta shi ne a daina auna mutum ko maƙalarsa da makin mujallar da ta buga ta, tana tunatarwa cewa asalin makin don taimaka wa masu kula da laburare ne su san mujallar da za su saya. A 2015 Diana Hicks da Paul Wouters da abokan aikinsu suka fitar da ƙa'idoji goma da aka sani da sunan birnin Leiden. Uku na farko kamar don mu aka rubuta su: lamba ta zama mai tallafa wa hukuncin masana, a auna aiki da manufar wanda ya yi shi da ta cibiyarsa, a kuma kare kyakkyawan binciken da ya shafi gida. A 2022 cibiyoyi masu yawa, galibi a Turai, suka shiga wata haɗaka mai suna CoARA don gyara yadda suke awo.

Waɗanda suka tsaya kan fannoninmu kai tsaye su ne masu shirin HuMetricsHSS, da ya faro a 2016 a wani taro a jihar North Carolina ta Amurka, cikinsu har da Christopher Long, wanda a lokacin yake shugabantar tsangayar fasaha da adabi a Jami'ar Jihar Michigan. Sun juya tambayar ne. Maimakon a fara da “me za mu iya ƙirgawa?” sai a fara da “me muka ɗauka da daraja?” Suka kawo ginshiƙai biyar a matsayin mafari: adalci, buɗe ƙofar ilimi, zumuncin aiki, inganci, da al'umma. Sun kuma nanata cewa kowace cibiya ta zauna ta fitar da nata, kada ta kwafe nasu. Da wannan ido suka duba ayyukan da ƙidaya ke tsallakewa, irin su tsara manhajar darasi, duba aikin wani kafin a buga, da renon ɗalibai.

Yadda ake aiki da shi a zahiri, mataki uku ne. A rubuta ginshiƙan. A faɗi irin shaidar da za a karɓa a kan kowanne. Sannan mutanen da suka san fannin su karanta aikin kansa, su yanke hukunci, su rubuta dalili. Ɗauki adalci: shin mai binciken ya ambaci tsohuwar da ta ba shi waƙar da sunanta, in ta yarda, ko ya ce “wata majiya”? Ya biya wanda ya yi masa tafinta? Da abokin daka ake shan gari. Ɗauki buɗe ƙofa: ina faifan muryoyin suke, wa zai iya saurare, an bar wa iyalin kwafi? Ɗauki inganci: in ya ce an kafa unguwa kaza a shekara kaza, daga bakin mutum nawa ya ji, ya gwada da takardun ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, ya faɗi inda ruwayoyin suka saɓa? Duk waɗannan tambayoyi ne masu amsa, ba yabo ba ne kawai.

Ga wanda ya tashi a zaure wannan ba baƙon abu ba ne. Malaman hadisi ba su auna mai ruwaya da yawan abin da ya ruwaito ba, sun duba adalcinsa da kiyayewarsa. Ijazar da malaman Wangarawa ke bayarwa bayan ɗalibi ya sauke Jalalaini da Ashafa da Muwaɗɗa, wadda Wilks ya bi salsalarta har zuwa babban malaminsu na da, Alhaji Salim Suwari, shaida ce daga wanda ya zauna da kai shekaru, ya ga karatunka ya ga halinka. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. In an lura ma, ƙidaya ita kanta a kan ido ta dogara, domin maƙala ba ta shiga mujalla sai wasu mutum biyu ko uku sun karanta ta. Kwamitin da ya ce ƙirgawa kawai zai yi, ya miƙa wa waɗancan baƙin idon ne hukuncinsa, alhali ba su san abin da ya tara kuɗinsa dominsa ba.

To amma wannan mudu yana da ramuka, kuma a zango ramukan sun fi zurfi.

Na farko sanayya. A Nima kowa surukin wani ne, ko ɗalibin mahaifinsa, ko maƙwabcin yayarsa. Naka sai naka. Da zarar an ce hukunci ya koma ga ganin kwamiti, ƙofar son kai ta buɗe, kuma wanda aka zalunta ba shi da lambar da zai ɗaga ya ce ga hujjata. Ba mu kaɗai ke wannan fargaba ba. Lokacin da Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ta sanar a 2021 cewa za ta daina duba makin tasirin mujalla wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, sama da masana 170 na ƙasar suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna gargaɗin cewa hukunci zai zama na ganin dama, matasa kuma su rasa abin nunawa a waje.

Na biyu kunya. Mudun manufa yakan zo da takardar da mutum zai bayyana aikinsa da bakinsa, irin wadda wasu masu ba da tallafi a Birtaniya suka koma nema. Mu kuwa an rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Malamin zaure ba zai rubuta “na ceto taskar tarihi” ba, cewa zai yi “ɗan abin da Allah ya hore.” Malamar nan ma da aka tambaye ta tasirin aikinta, sunkuyar da kai ta yi. Mai zaƙin baki da ya iya Turancin neman tallafi shi zai kwashe, ko da aikinsa bai kai nasu ba.

Na uku shi ne wanda ya hana ni barci, wato ginshiƙin al'umma. Kalma ce mai daɗin ji, amma wace ce al'umma, wa ke magana da yawunta? Tarihinmu yana da wuraren da ke da zafi. Salaga kasuwar goro ce, kasuwar bayi ce kuma, kakannin wasunmu suna cikin masu saye da sayarwa, na wasu kuma cikin waɗanda aka sayar. Akwai rigingimun sarautar zango da na limanci. Akwai saɓanin 'yan ɗariƙa da Ahlussunna da ya raba gidaje. Akwai abin da maƙwabci ya yi wa maƙwabci a makonnin da suka biyo bayan umarnin gwamnatin Firayim Minista Busia na Nuwambar 1969, lokacin da aka bai wa marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, wasu suka sayar da gida da kaya a wulaƙance. In kwamiti ya fassara amfanin al'umma da abin da zai faranta wa manya rai, mai binciken da ya faɗi gaskiya mai ɗaci shi zai fara faɗuwa, a ce ya tona asiri. A nan ƙidaya, da duk makantarta, ta fi aminci, domin editan da ke nesa bai damu da wanda zai ji haushi a Sabon Zango ba. Saboda haka dole a ɗaure kalmar da igiya: amfanin al'umma shi ne neman izini, kare mutuncin wanda ya ba da labari, da mayar da sakamako cikin harshen da mutane ke ji. Amincewar manya da abin da aka gano ba ta cikin sharaɗi.

Ga kuma tsada. Karatu yana cin lokaci. Birtaniya, da ke tara masana su karanta ayyukan jami'o'inta duk bayan wasu shekaru, an kiyasta zagayen 2021 ya ci kusan fam miliyan 471. Mu ba mu da ko ɗigon wannan, amma a ƙaramin mataki ma sai an samu mai jin ajami ya zauna da adakar malam, mai jin Hausar tsofaffi ya saurari faifan malama. Sannan hukuncin da muka yanke a Mamobi ba ya tafiya. Ba za a ɗauke shi a kai wa kwamitin ƙarin girma na wata jami'a a ce ga maki ba.

Wanne za a ɗauka ke nan? Ya danganta da kujerar da kake zaune a kai.

In ƙungiya ce irin tamu, mai ɗan kuɗi da manufa bayyananniya da masu nema 'yan kaɗan, ban ga dalilin ɗaukar ƙidaya ba. Mutum uku ko goma ana iya karanta aikinsu. Kuɗin an tara su ne don abin da zai ɓace in ba a kama shi ba, tsofaffi suna tafiya, gara tana ci. Mudun da ba ya ganin wannan zai kai kuɗin inda tuni akwai wasu ƙofofi, tunda malamin jami'ar gwamnati aƙalla yana da alawus ɗin littattafai da bincike, malamar sakandare da malamin zaure kuwa ba su da kowa.

In sashe ne na jami'a mai duba takardun mutum hamsin, watsar da lamba gaba ɗaya ganganci ne. Abin da ya fi shi ne a bar ta a matsayin shaida ɗaya cikin shaidu, a faɗaɗa abin da ake ƙirgawa ya haɗa da littafi, fassara, gyaran tsohon rubutu, kundin jerin takardu, taskar muryoyi da maƙalar harshen gida, sannan a nemi mai neman ƙarin girma ya zaɓi ayyukansa uku ko huɗu mafi kyau a karanta su da gaske. Wannan kaɗai zai rage yankan bincike gida uku, don yawa ya daina biya.

In kuwa kai ne matashin malamin, ƙanena, ba zan ruɗe ka ba. Karanta ƙa'idar ƙarin girma ta jami'arka yadda take a yau ka cika ta, domin da ita za a auna ka, iyalinka kuma da albashinka suke ci. Amma kana iya riƙe tambayarka. Buga da Turanci inda ake ƙirgawa, ka rubuta taƙaitawa da Hausa, ka kai ta rediyo ko zauren da ka samo labarin. Ka riƙa ajiye shaidar irin wannan aiki, wasiƙa, faifai, jerin ɗaliban da ka rena, don ranar da kai ma za ka zauna a kwamiti ka nemi a gyara ƙa'idar.

Mu dai ga abin da muka yi a zama na biyu. Na fara da amsa laifinmu: ya kamata a ce mun rubuta ginshiƙan tun kafin mu san masu nema, domin wanda ya san fuskoki zai iya sassaƙa mudu daidai da wanda yake so. Bana mun makara, sai muka rage ɓarnar. Muka tsaya kan abubuwa huɗu: ingancin hujja, gaggawar abin da zai ɓace, adalci ga waɗanda aka ɗauki iliminsu, da mayar da sakamako gida. Inganci muka sa a bakin ƙofa. Aikin da hujjarsa ba ta tsaya ba, ba a ma duba sauran ukun, komai farin jinin mai shi. Muka aika wa duka ukun tambayoyi iri ɗaya, kowa ya amsa da Hausa ko Turanci, a rubuce ko da baki a ɗauki murya, ya kuma kawo mutum biyu da suka ga aikinsa su yi masa shaida, don kada kunya ta cuci kowa. Za a nemi masu karatu biyu daga wajen Accra, ɗaya a Kumasi, ɗaya a Kano. Duk ɗan kwamitin da ke da dangantaka da mai nema zai fita waje lokacin da ake maganarsa. Dalilin hukunci kuma za a rubuta shi a shafi ɗaya a karanta a babban taro.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Dakta, maƙalolin yaron nan tara fa? Zubar da su za mu yi?”

Na ce, “A'a, Baba Alhaji. Za su shiga a matsayin shaidar inganci, kuma shaida ce mai ƙarfi, don masana sun duba su. Sai dai masu karatunmu za su karanta biyu daga ciki da kansu, kamar yadda za su saurari faifan malama su kuma buɗe adakar malam.”

Mma Hajiya ce ta ɗago abin da ba mu gama warwarewa ba. Ta ce wasu daga cikin tsofaffin nan sun faɗi sunayen mutanen da jikokinsu ke raye a unguwa, in an ce buɗe ƙofa, a kai faifan laburaren jami'a kowa ya ji, ina adalcin da muka rubuta? Buɗe ƙofa da adalci sun yi karo tun ba a je ko'ina ba. Muka amince a tambayi matan da kansu, kowacce ta faɗi abin da za a buɗe yanzu da abin da za a rufe sai bayan ranta, a rubuta a gaban shaida daga danginta. Mma Hajiya ta ɗauki nauyin raka malamar gida-gida, za su fara da Sukura ranar Asabar.